Shafin da Malam Bai Duba Ba

Assalamu alaikum, Habsatu ɗiyata.

Ina fata wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, babu abin da ya tare ku a hanya. Allah Ya tsare min ke a aji da ɗakin kwana, Ya haɗa ki da abokan zama na kirki. Da gangan na cusa ta ƙarƙashin ledar yaji, don na san nan za ki fara kai hannu.

Kada ki yi mamaki na rubuto miki alhali jiya muna ɗaki ɗaya. Magana da ke ce ta gagare ni. Da na buɗe baki sai ki sunkuyar da kai ki hau murza bakin hijabi, ni kuma in hau faɗa, babanku ya leƙo ya ce a yi haƙuri, a watse ba a ƙulla komai ba. To takarda ba ta ɗaga murya, kuma ba za ki yi mata hawaye ta ji tausayinki ta yi shiru ba. Ki karanta har ƙarshe.

Duk hutun nan kin yi shi kamar wadda aka yi wa rasuwa. Abinci sai an yi da ke. Na yi zaton zazzaɓi ne, na yi zaton wani saurayi ne ya ɓata miki rai. Sai ranar da muke gyaran zogale na matsa miki, kika shiga ɗaki kika ɗauko takardar gwajin nan ta darasin sassan jikin mutum. Ni Turancina bai taka kara ya karya ba, amma ina da ido. Shafukan farko jan biro ko'ina, na ƙarshe kuwa fes, ko ɗigo babu, alhali kin cika shi da rubutu har ƙasa. Malam bai juya ya gani ba, shi ke nan. Kuma da bakinki kika ce makin da ya ba ki bai kai na tsallakewa ba, in aka shigar da shi a haka sai kin maimaita darasin, 'yan ajinku su wuce asibiti koyon aiki su bar ki.

Na ce, “To yaushe za ki je ki nuna masa?”

Kika ce, “Inna, a bar wa Allah kawai.”

Na ce, “Allahn da Ya ba ki ƙafa da baki?”

Kika ce wai malamin masifaffe ne, wai zai ce kin raina shi, wai zai sa miki ido har ki gama makaranta. Daga baya ma kika ce ko a sa kawunku ya yi masa magana. Habsatu, wallahi ji na yi kamar in ɗauki faifan zogalen in kife miki a kai. Ba don ban san abin da kike ji ba. Don na san shi ne, sani na haƙiƙa, kuma na san inda yake kai mutum.

Kin sha jin cewa na yi lakwal, wato makarantar bokon ƙetaren iyaka, a garinmu, can bayan Ɗan Isa, kuma a ajin ƙarshe na tsaya. Ga yadda aka yi.

Mu biyu ne Hadiza a ajinmu, ni da Hadiza ta gidan maƙera, kuma benci ɗaya muke zama. Malaminmu Mushe Idi, don can haka ake kiran malamin lakwal, wani dogo ne mai jan babur, ba ya dariya. Kafin babbar jarrabawar shiga kwaleji yakan yi gwaji. Wanda ya ci a rubuta sunansa, wanda ya faɗi ya maimaita aji. Can bisa ashirin ake ba da maki. Lissafi kuwa abina ne, ko maza ba sa ja da ni.

Ranar da ya karanto sakamako daga littafinsa, sai na ji ya ce Hadiza ta maƙera sha shida, ni kuma shida. Da ya raba mana takardunmu, ga sha shida ɓaro-ɓaro a tawa, ga shida a tata. Wajen kwafewa ya musanya mu. Ta dube ni, na dube ta. Ta naɗe tata ta tura cikin riga, ta kau da kai.

Da la'asar na tafi gidansa. Na tarar da shi gindin bishiyar bedi yana wanke babur, hannu duk kumfa. Takardar tana hannuna, na ɓoye ta a baya.

Ya ɗago ya ce, “Hadiza, lahiya? Mi kika biɗa?”

Ina tunanin zai ce na ƙaryata shi, ina tunanin dorina, ina tunanin ƙawata ba za ta ƙara yi min magana ba. Ki ji abin da ya fito daga bakin uwarki:

“Inna ta ce in gaishe ka.”

Ya ce, “Ina amsawa. Ki ce ina gaishe ta.” Ya ci gaba da wankinsa. Na juya na tafi gida.

Aka ce in maimaita aji. Kakanku ya ce in dai kan bai ɗauka ba, gara in zo in taya kakarku sayar da fura. Shi bai iya karatu ba balle in nuna masa, ni kuma na riga na yi shiru wurin da ya kamata in yi magana, sauran wuraren sai suka zo da sauƙi. Takwarata ta shiga babbar jarrabawa ta faɗi. Kin ga ke nan babu wanda shiruna ya amfana.

Bayan shekara da shekaru, kina goye a bayana, na haɗu da Mushe Idi a kasuwar Jibiya, layin masu atamfa. Ya tsufa, ya sa tabarau. Na durƙusa na gaishe shi, na tuna masa ko ni wace ce, na ba shi labarin ina dariya, don a ganina abu ya wuce. Shi bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya dube ni.

Ya ce, “Takardar tana hannunki? A lokacin da kika tsaya gabana?”

Na ce, “Tana hannuna, Mushe.”

Ya ce, “Don mi ba ki miƙo mani ba? Jan biro guda ne fa, ɗiyata. Da ko kumfar hannuna ban wanke ba zan gyara. Kin bar ni da alhakinki duk shekarun nan ban sani ba.”

Tsohon nan ya tsaya tsakiyar kasuwa yana roƙona gafara, masu ɗaukar kaya suna ta “a ba da hanya”. Na dawo gida ranar ko girki na kasa, don haushi. Ba haushinsa ba. Haushin cewa dodon da na gina a kaina, na ba shi karatuna ya cinye, ashe ma babu shi.

Saboda haka kada ki ƙara ce min haƙuri kike yi. Tsoro ne kika ɗaura masa ɗankwali kike kiransa haƙuri. Malami mutum ne. Yana duba takardu tuli guda, ga zafi, ga yara suna masa kuka a gida, shafi ya manne da shafi. Mai yiwuwa naki masifaffe ne kamar yadda kika ce, ban san shi ba. Amma ke ma ba ki san shi ba, Habsatu, daga bencin baya kawai kike hango shi. Ba ki da hurumin yanke masa hukuncin cewa ba zai gyara ba alhali ba ki ba shi dama ba.

Yanzu kada ki ce Inna ta ce in je in tayar da ƙura. Wannan ma na gwada, ki tambayi yayanku, har yau in aka tuna masa sai ya tashi ya bar wurin.

Yana ƙaramin aji a firamare ya kawo min takardar gwajin lissafi. Na duba, kusan duk amsoshin an yi musu alamar daidai, guda ɗaya ce aka soke. A sama kuma an rubuta tara, an zagaye. Tara! Ni a kaina bisa ashirin ne, tara kuwa faɗuwa ce. Nan take na ga Mushe Idi, na ga jan babur, na ce wallahi abin da aka yi min ba za a yi wa ɗana ba. Na jawo mayafi, ko takalmi ƙafa biyu iri ɗaya ban sa ba. Yaron yana bina yana cewa, “Inna, tsaya ki ji,” ina ce masa ya rufe min baki.

Na iske malaminsu, Malam Kabiru, yana tsakiyar darasi a wani aji. Ban yi sallama ba. Daga bakin taga na fara. Na ce ba a tsoron Allah, na ce don an ga uwarsa daga ƙetare ta zo shi ya sa ake danne shi, na ce abubuwan da ba zan rubuta ba. Malaman sauran azuzuwa suka fito. Bawan Allahn nan ya bari sai da na numfasa, sannan ya karɓi takardar ya duba.

Ya ce, “Hajiya, tara bisa goma ne. Shi ne ya zo na ɗaya.”

Ajin ya fashe da dariya. Ban san yadda na fita daga makarantar ba. Yayanku ya daɗe sai an kora shi da bulala yake tafiya, don yara sun laƙaba masa suna “Tara”, kuma wasu abokansa har yau da shi suke kiransa a tasha.

To ki ji. Kafin ki taka ofishin kowa, zauna ki sake duba takardarki da kyau. Ki buɗe littafi, ki gwada amsoshin shafin nan ɗaya bayan ɗaya, ki tabbata daidai suke. Ki tambayi wata a ajinku da kika yarda da ita, ko malam ya ce a amsa wasu a bar wasu ne ke ba ki ji ba. In kin tabbata, ki je. Amma ba a gaban aji ba, ba a kan hanya yana sauri ba, ba a gaban abokan aikinsa ba. Mutumin da aka kunyata a gaban jama'a, ko ya ga kuskurensa da ido biyu, kare kansa zai fara yi. Ni na yi sa'a Malam Kabiru mai sanyin hali ne, kuma ni ce mara gaskiya.

Na kuma ji ƙawarki a waya tana ce miki ki ɗauki hoton shafin ki tura zauren ajinku na waya kowa ya gani. Wannan ita ce tagar da na tsaya a bakinta, sai dai taku ta fi tawa faɗi. Ni yaran aji ɗaya da malamai kaɗan suka ji ni. In na ji kin yi haka, ni da ke ne.

Saura maganar kawunku. Habsatu, kawunku! Mutumin kirki ne, ƙanin babanku ne, ba na zaginsa. Amma duk rayuwarsa a bakin iyaka ya yi ta yana fitar wa mutane da kaya, kuma a saninsa babu ƙofar da ba ta buɗuwa in an sa abu a hannun mai gadi. Na taɓa aikensa, ga abin da ya biyo baya.

Yayanku yana ajin ƙarshe na firamare, Malam Kabirun nan dai shi ne malamin ajinsu. Aka ba da sakamakon zango, wannan karon kuskure na gaske: an bar masa gurbin darasi guda babu komai, kamar bai zauna jarrabawar ba, alhali ya zauna. Hakan ya jefa shi can ƙasa. Ni kuma kunyar abin da na yi a baya ta hana ni zuwa. Ko a biki na hango matar Malam Kabiru sai in sauya wurin zama. Sai na ce kawunku ya je a madadina.

Ya tafi da katan ɗin taliya a bayan babur. Har gida.

Da ya dawo ya ce min, “Wannan malamin naku ba ya son zaman lafiya.” Na ce me ya faru? Ya ce ya sauke katan a zaure, ya ce ga ɗan abin miya, a duba lamarin yaro a ɗan ɗaga shi. Malam Kabiru ya tashi tsaye ya ce, “Ɗauki kayanka. Ni ba a sayen maki a wurina. In yaro bai ci ba, bai ci ba.” Ko takardar bai yarda ya kalla ba.

Kin gani? Muna da gaskiya, muka je da kayan marasa gaskiya. Abin da yake haƙƙin yaro muka mayar da shi alfarma, malam kuma ya ɗauka so muke ya yi mana coge. Wa zai ga laifinsa?

Ina zaune ina ta saƙa da warwara, ko in je wurin hedimasta, ko in cire yaron daga makarantar gaba ɗaya. Ashe shi yayanku ya gaji da mu. Da aka koma makaranta bayan hutu ya bari aka tashi tara, ya bi malam ofis shi kaɗai. Da ya dawo na ce me ka ce masa? Ya ce, “Cewa na yi, Malam, don Allah ina roƙo a duba min, na zauna jarrabawar amma ban ga makina ba.” Malam ya buɗe kabad, ya binciko takardarsa, ya ga an tsallake layinsa wajen kwafewa. Ya gyara, ya sa hannu, ya ce masa, “Ka yi haƙuri, laifina ne. Me ya sa tun farko ba kai ka zo ba?”

Ɗan firamare, Habsatu. Ya yi abin da ni na kasa a gindin bedi, na ɓata a bakin taga, kawunku ya dagula a zaure. Ke kuma ga ki budurwa, kina karatun aikin jinya, kina neman wanda za ki ɓuya a bayansa.

Ba za a aiki kowa ba. Babanku ma na gaya masa, ya ce shi ba ruwansa, ya ɗauki makullin mota ya yi Maraɗi. Ke za ki je, kuma a makon farko, kafin a tura sakamako sama inda gyara zai zama sai an bi ofis-ofis. Ki je da rana, lokacin aiki. Ki tafi da wata ƙawarki mai hankali ta tsaya daga bakin ƙofa, ƙofar kuma a buɗe, kin san abin da nake nufi ba sai na faɗa ba. Kafin ki miƙa takardar ki ɗauki hotonta ki ajiye wa kanki, ba don kowa ya gani ba. Kada ki riƙe masa ko goro.

Ki yi sallama, ki gaishe shi, ki faɗi sunanki da ajinki, don bai zama dole ya san ki ba. Kada ki ce “ka yi kuskure”. Kada kuma ki fara da kuka, na san ki, kukan zai cinye maganar ya ɗauka roƙon alfarma kika zo. Ki ce, “Malam, don Allah ina roƙo a sake duba min wannan shafin, kamar ba a kai gare shi ba.” Ki buɗe shafin ki ajiye a gabansa. Sannan ki yi shiru. Wannan ne kaɗai shirun da na yarda miki da shi. Ki bar shi ya gani da idonsa.

In ya ce yana da aiki, ki ce yaushe zan dawo, ki kuma dawo. In ya duba ya ce amsoshin ba daidai ba ne, ki roƙe shi ya nuna miki inda kika kauce, ki yi godiya, kin ƙaru. In ya daka miki tsawa, tsawa ba ta fasa kai, ni na sha ta kuma ga ni. In ya ƙi dubawa ƙememe, sai ki nemi malamar da ke kula da ajinku ki faɗa mata cikin ladabi, ba ƙara kika kai ba, shawara kika nema. In duk an yi haka abin bai gyaru ba, to a nan ne za ki ce a bar wa Allah, ni ma in taya ki faɗa. Ki maimaita darasin, ba za mu kore ki daga gida ba. Amma ba zan yarda ki maimaita shi don kin kasa taka ƙofa ba.

Kuma bari in faɗa miki abin da ya fi ci min rai, wanda ya fi makin nan nauyi. Aikin da kika zaɓa, ba ni na zaɓa miki ba. Wata rana za ki tsaya a ɗakin marasa lafiya, likita ya zo a gajiye, ya rubuta magani ya wuce. Ki duba ki ga abin da ya rubuta ya yi wa jaririn da ke kan gadon yawa. Shi babba ne, yana sauri, wataƙila shi ma masifaffe ne. Uwar yaron tana zaune a kan tabarma, 'yar ƙauye daga Mazanya ko Farfaru, ba ta san me aka rubuta ba, ke kawai take kallo. A ranar me za ki yi? Ki bi shi a baya ki ce Inna ta ce a gaishe shi?

Bakin da bai iya buɗuwa don haƙƙin kansa ba, ban ga yadda zai buɗe don ɗan wani ba. Gara ki koya yanzu, da abin da ke kan teburin takarda ce kawai.

Hannuna ya gaji, ga mai mota zai iso. Akwai kuka da daddawa a cikin robar fenti, kada ki bar su a buɗe. In kin fito daga ofishin ki kira ni, ko me aka yi. Kafin nan in kin kira za mu gaisa, amma ki sani tambayar da zan fara yi miki ke nan.

Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, Ya kare ki dare da rana. Allah Ya sanyaya zuciyar malaminki, Ya ba shi ikon ganin gaskiya. Ke kuma Allah Ya kwance miki harshe, Ya tsayar miki da gwiwa. Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo min da ke lafiya.

Ki je, Habsatu.

Innarki,
daga Jibiya.